A Koyar Da Ilmin Gado Kafin A Nemi Takardar Gwaji

Cikin shekarar 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta wa masu niyyar aure yin gwajin lafiya kafin a ɗaura, kuma cikin abubuwan da ake dubawa har da irin jinin da mutum ya gada daga iyayensa, watau abin da ake kira jinotayif a asibiti. Babu mai hankalin da zai ƙi yaba wa wannan mataki, domin ciwon amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, ya daɗe yana cinye yara da dukiya da zaman lafiyar gidaje a ƙasar nan. Amma fa doka tana iya tilasta wa mutum ya miƙa hannu a ɗebi jininsa, ba ta iya sa shi ya fahimci abin da aka rubuta masa a takarda. Haruffa biyu ne kawai a kanta, AA ko AS ko SS, kuma akwai ma'aikata manya da ɗalibai masu zurfin karatu waɗanda har yanzu suke rikita su da rukunin jini na A da B da O, wanda amfaninsa daban ne, ana duba shi ne idan za a yi wa mutum ƙarin jini. Muddin jama'a ba su san abin da haruffan nan suke nufi ba, to, takardar gwaji za ta zama kamar sauran takardun da ake nema don cika sharaɗi, a karɓa a jefa cikin aljihu. Saboda haka ilmin gado shi ya kamata ya riga takarda isa gida.

Sanin kowa ne cewa ɗa yakan ɗauko kamannin iyayensa. Bahaushe ya daɗe da lura da haka, shi ya sa ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Manomi yakan ware zangarniyar geron da ta fi cika ya ajiye don iri, Bafillace kuma yakan zaɓi bijimin da zai bari cikin garke. Abin da ya gagari mutanen da, a nan da sauran duniya, shi ne yadda al'amarin yake tafiya. An daɗe ana zaton abin da uwa ta bayar da abin da uba ya bayar gauraya suke yi, kamar yadda ake dama fura da nono har a kasa rabewa. In da haka ne, ta yaya siffar da ba a gani ga uwa ba, ba a gani ga uba ba, za ta ɓulla ga ɗa?

Wanda ya fara warware wannan ƙulli shi ne wani malamin coci mai suna Gregor Mendel, a garin Brno na ƙasar Cek ta yau. Ya shafe shekaru yana barbarar wani irin wake a lambu, ya buga sakamakonsa cikin 1866. Da ya haɗa doguwar shuka da gajeruwa, 'ya'yan duka suka fito dogaye, kamar gajarta ta ɓace. Da ya bar waɗannan dogayen suka haihu a tsakaninsu, sai gajarta ta dawo: ya ƙirga dogaye 787, gajeru 277, watau kusan uku bisa ɗaya. Daga nan ya gane cewa gado ba ya narkewa. Kowace siffa tana da ƙwayoyin gado biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma ɗaya tana iya rufe ɗaya ba tare da ta kashe ta ba. Wadda aka rufe tana nan kwance, tana jiran ranar da za ta gamu da irinta. Ba a kula da aikin mutumin nan ba sai cikin 1900, bayan ya rasu da shekara 16.

To, mene ne ita wannan ƙwayar gado, kuma a ina take zaune? Jikin ɗan Adam an gina shi ne da wasu 'yan ɗakuna ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin likita, ana kiran su ƙwayoyin halitta. A tsakiyar kusan kowane ɗaki akwai ma'ajiya, cikinta kuwa akwai dunƙulen zare 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Zaren da aka naɗe ɗin nan shi ne DNA, kuma da za a warware na ɗaki ɗaya tak a miƙe shi, zai kai wajen mita 2. Cikin 1953 James Watson da Francis Crick, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, suka bayyana siffarsa, bayan sun dogara ƙwarai da hotunan da Rosalind Franklin da Maurice Wilkins suka samar a Landan. Suka nuna cewa igiya biyu ce a murɗe, kamar tsanin da aka murɗa, kuma matakan tsanin an yi su ne da sinadarai iri huɗu da ake taƙaita sunansu da haruffan A da T da G da C. Jerin haruffan nan huɗu shi ne rubutun. A cikin abin da mutum ya gada daga ɓangare ɗaya kawai akwai irin waɗannan haruffa wajen miliyan dubu 3, kuma cikin 2003 aka bayyana kammala babban aikin karanta su. Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan rubutu, wanda yake ɗauke da umurnin yin abu guda.

Abin da akasarin umurnin yake sa a yi shi ne furotin. Mai karatu ya san furotin a matsayin abinci mai gina jiki da ake samu cikin wake da ƙwai da nama. To, jiki ba ya amfani da furotin ɗin wake yadda ya zo. Yakan farfasa shi zuwa ƙananan gaɓoɓi da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne, sa'an nan ya sake jera su bisa nasa tsari, kamar yadda mai sana'ar duwatsun wuya yake zura duwatsu iri-iri cikin zare ɗaya. Gashi da farce, da tsokar nama, da sinadaran da suke narkar da abinci, da insulin mai daidaita sukari cikin jini, duka furotin ne, kuma bambancinsu yana ga yadda aka jera gaɓoɓin. Ƙwayoyin gado masu ba da umurnin yin furotin a jikin mutum sun kai wajen 20,000.

Duk wanda ya taɓa aikin ofis zai gane yadda umurnin yake isa wurin aiki. Fayil na asali ba ya barin ma'ajiya. Idan ana bukatar wani shafi, akawu yakan kwafe shi, ya ba masinja ya kai wa masu aiki. Haka abin yake cikin ƙwayar halitta. DNA yana zaune cikin ma'ajiyarsa, ana kwafe ƙwayar gadon da ake bukata a kan wani zare ɗan uwansa mai suna RNA, kuma masana da kansu ɗan saƙo suke ce wa wannan kwafi. Shi yake fita ya je wurin wasu 'yan injuna da ake kira ribosom, su kuwa su karanta shi haruffa uku-uku. Kowace kalma mai harafi uku tana nufin a ɗauko amino asid kaza a zura. Kalmomin 64 ne, uku daga cikinsu aya ce mai cewa a tsaya, an gama. Cikin 1961 Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka gano ma'anar kalma ta farko a Amurka, kafin ƙarshen shekarun 1960 kuwa an gano sauran.

A nan ne amosanin jini ya shigo. Cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani furotin mai suna himoglobin, shi yake ɗaukar iskar numfashi daga huhu ya kai wa sauran jiki. Ana yin sa ne tun ƙwayoyin suna ƙanana cikin ɓargo. Ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa tana da gaɓa 146, kuma umurnin yin ta yana kan kuromosom na 11. Kalmar da take ba da gaɓa ta shida, ga mafi yawan mutane, ita ce GAG. Ga waɗansu kuwa harafin tsakiya ya sauya, ta koma GTG. A Hausa ma an san aikin harafi ɗaya: a sauya harafin tsakiya na kalmar uwa, sai ta koma uba. Sauyin nan yakan sa ribosom ya zura amino asid mai suna balin a gurbin gulutamik asid, kamar yadda Vernon Ingram ya tabbatar cikin 1957. Sakamakon haka, duk lokacin da himoglobin ɗin ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya manne da 'yan uwansa su yi dogayen sanduna, ƙwayar jinin da take da taushi da da'ira ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje. Kalmar sikila ma daga sunan lauje da Turanci aka samo ta. Irin waɗannan ƙwayoyi sukan toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne azabar ciwon ƙashi da gaɓoɓi. Suna kuma mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, alhali lafiyayyun sukan yi wajen kwana 120, shi ne ƙarancin jini da rawayar ido. Harafi ɗaya tak cikin miliyan dubu 3 shi ya jawo wannan duka.

Wanda ya gaji kalmar asali daga uwa da uba shi ne AA. Wanda ya gaji mai sauyi daga ɓangare ɗaya shi ne AS, kuma galibi lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana soja, yana tsufa, domin ƙwaya mai kyau tana yi masa isasshen aiki. Wanda ya gaji mai sauyi daga ɓangarorin biyu shi ne SS, shi ne mai ciwon. Akwai kuma wani sauyi a kan gaɓar nan ta shida da ake kira C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, shi ma idan ya gamu da S yakan haifar da ciwo.

Sai a tambaya, me ya sa abu mai cutarwa haka ya yawaita a ƙasashen nan? Amsa tana ga sauro. Cikin 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa yara masu AS sun fi masu AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Ashe ke nan abin da ake kuka da shi a yau shi ya yi wa kakanni garkuwa, suka rayu suka haihu suka miƙa shi. An ga tabbacin haka a nan gida. A farkon shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike kan zazzaɓi a ƙasar Garki, wadda take cikin Jihar Kano a lokacin, yanzu kuwa cikin Jigawa. Aka tarar kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, jarirai wajen biyu cikin ɗari kuma SS ne, amma a cikin manya da wuya aka sami SS. Ba warkewa suka yi ba, rasuwa suka yi tun suna ƙanana, akasari ba tare da kowa ya san sunan abin da ya ɗauke su ba. Lissafin kuwa ɗalibin sakandare zai iya yin sa. Idan ɗaya cikin huɗu AS ne, to, aure ɗaya cikin 16 na AS da AS ne, kuma ɗaya bisa huɗu na haihuwarsu SS ne, watau jariri ɗaya cikin 64. Cikin 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar irin waɗannan yara wajen 150,000 kowace shekara a Nijeriya.

Wannan ɗan ilmi, da zai shiga gidaje, da ya kawar da zalunci mai yawa. A ɗauki magidanci mai AS da mata biyu, uwargida AA, amarya AS. 'Ya'yan uwargida ba za a sami SS cikinsu ba ko ɗaya, na amarya kuwa ana iya samu. Dangin miji suna kallo, sai su yanke hukunci cewa ciwon daga ɗakin amarya ya fito, ko a ce wabi gare ta, ko a tuhumi kishiya da sammu. Alhali kuwa yaro ba ya zama SS sai uba ya ba da nasa rabin. Ba kowace mutuwar yara a jere ba ce amosanin jini, amma inda shi ne, uba da uwa daidai suke cikin gadon, kuma babu mai laifi cikinsu, tun da ba wanda ya zaɓi abin da ya gada. Haka zancen yake game da matar da ake yi wa gori ko a sake ta don tana haihuwar 'ya'ya mata. Mace kuromosom X kawai take bayarwa. Namiji shi yake ba da X a sami mace, ko Y a sami namiji.

Akwai kuma kuskuren lissafi da ya yaɗu har cikin masu ilmi, cewa idan AS ya auri AS, ɗa na huɗu ne zai fito da ciwon, saboda haka in an tsaya a uku an tsira. Sam ba haka ba ne. Kowane ciki ƙuri'a ce sabuwa: kashi ɗaya cikin huɗu AA, biyu AS, ɗaya SS. Ana iya samun ma'auratan da suka haifi shida ba mai ciwo, ana iya samun waɗanda ɗan fari da mai bi masa duka suna da shi. Lafiyar jariri ranar suna ma ba shaida ba ce, domin a watannin farko yana amfani ne da wani himoglobin na zaman ciki wanda ba ya lanƙwashewa, sai wajen wata shida alamu suke fara fitowa, galibi da kumburin hannu da ƙafa. Auren zumunci kuwa yana ƙara yiwuwar miji da mata su gaji ɓoyayyar ƙwaya ɗaya daga kaka ɗaya, amma baren da aka ɗauko daga wani gari shi ma yana iya zama AS. Gwaji ne kaɗai yake raba gardama.

Waɗansu suna cewa bin diddigin irin wannan abu rashin tawakkali ne, tun da lafiya da ciwo duka na Allah ne. Gaskiya ne na Allah ne. To, amma manomin da ya yarda arziki na Allah ne bai fasa zaɓen iri ba, uban da ya yarda aure nufin Allah ne kuma bai fasa binciken asali da halin mai neman 'yarsa ba. Binciken jini ƙari ne a kan binciken da aka saba. Waɗansu kuma suna tsoron kada gwaji ya zama hanyar ƙyamar mutane, kuma tsoronsu yana da tushe, domin rabin sani yakan fi rashin sani ɓarna. Mai AS ba majinyaci ba ne, in ya auri AA ba za su haifi SS ba. Mai SS ma yana iya auren AA, 'ya'yansu duka su fito AS. Wanda bai san wannan ba shi ne zai kori mai neman aure don kawai ya ga harafin S a takarda, ya mai da rubu'in jama'ar ƙasa abin gudu.

Babban raunin gwajin dab da aure shi ne lokacinsa. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, zukata sun shaƙu, sa'an nan a ce a je asibiti. A irin wannan hali ne ake samun masu neman takardar jabu, ko masu zagayen ɗakunan gwaji har su sami wanda zai rubuta musu abin da suke so. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jinotayif ba ya sauyawa daga haihuwa har mutuwa, saboda haka babu dalilin jira sai ranar da sanin zai fi ciwo.

Bisa ga haka, akwai abubuwa huɗu da suka kamata Hukuma ta duba. Na farko, a riƙa gwada jarirai tun a ɗakin haihuwa ko wurin rigakafi. Yaron da aka gane da wuri ana iya kare shi da maganin penisilin, da alluran rigakafi, da gidan sauro, da yawan shan ruwa, ga kuma maganin haidiroksiyuriya wanda yake ƙara yawan himoglobin ɗin nan na zaman ciki, ya rage tashin ciwon. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da wani magani da yake gyara rubutun DNA cikin ɓargon majinyaci, amma an sa masa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya a Amurka, abin da ya nuna cewa dogaron talakan ƙasar nan yana ga rigakafi da kulawa ta yau da kullum. Na biyu, Ma'aikatun Ilmi da na Lafiya su haɗa kai a gwada kowane ɗalibi a ƙaramar sakandare, a ba shi sakamakonsa cikin sirri tare da bayani, kuma a koyar da darasin gado da misalin amosanin jini, ba da waken Mendel kaɗai ba. Na uku, a sa ido kan ɗakunan gwaji, domin akwai gwaji mai arha da yake nuna akwai S amma ba ya rabe AS da SS, kuma kuskuren ma'aikaci ɗaya yana iya jefa iyali cikin wahalar shekaru. Na huɗu, sassan nazarin Hausa da na koyon likita a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato su zauna tare su daidaita kalmomin wannan fanni, a ba gidajen rediyo, a ba limamai da masu unguwanni, tun da su ne ake zuwa wurinsu kafin a ɗaura aure.

Nauyin bai tsaya kan Hukuma kaɗai ba. Ma'aikacin da ya karanta wannan shafi yana da ƙanne da 'ya'ya da maƙwabta, ɗalibi kuma yana da iyaye a ƙauye waɗanda suke jin maganarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 19 ga watan Yuni na kowace shekara don tunawa da masu wannan ciwo, amma jawabin rana ɗaya ba zai yi aikin da hira a zaure za ta yi ba. Duk wanda bai san jinotayif ɗinsa ba, ya je ya gwada a asibitin da aka amince da shi, ya kai 'ya'yansa tun ba su kai munzalin aure ba, ya kuma zauna ya bayyana musu ma'anar haruffan nan biyu. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa iyayen da suke jinyarsu da alheri.